A Sa Kwaɗo Na Biyu, Amma A Tuna Da 'Ya'yan Ƙauye

Ɗalibin jami'a na yau yana da wani ɗaki wanda iyayensa ba su taɓa gani ba. Wannan ɗaki shi ne asusunsa na kwamfuta, inda yake biyan kuɗin makaranta, ya yi rajistar darussa, ya kuma duba sakamakon jarrabawa. Ko a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yake, ko a Jami'ar Jihar Kaduna, kalmar sirri ce kwaɗon ƙofarsa. Abin baƙin ciki, yaranmu da yawa sukan ba mai shagon intanet ko aboki wannan kalma, su tafi abinsu. Duk wanda ya riƙe ta yana iya shiga ya yi ɓarna da sunan yaron.

Maganin shi ne kwaɗo na biyu. Bayan kalmar sirri, sai kwamfuta ta nemi wata lamba wadda ke zuwa wayar mai asusun kaɗai. Ɓarawon da ya saci kalma, in ba shi da wayar, a waje zai tsaya. Muna goyon bayan jami'o'inmu su tilasta wannan tsari. Nehemiya ma da yake gina garun Urushalima bai tsaya ga addu'a kawai ba, sai da ya sa masu gadi.

Amma akwai abin dubawa. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba 2021, an rufe sabis ɗin waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, har da Birnin Gwari. Ɗalibin da ya zo hutu Kazage a irin wannan lokaci, ta ina saƙon lamba zai same shi? Ko kuwa sai ya sa ransa a kan hanyar Kaduna domin saƙo ɗaya tak? Kwaɗon da zai hana mai ɗaki shiga ɗakinsa ba tsaro ba ne.

Saboda haka muna roƙon hukumomin jami'a kada su dogara ga saƙon waya kaɗai. Akwai manhaja irin su Google Authenticator, wadda ke fitar da lamba 6 da ke sakewa kowane daƙiƙa 30, ba ta kuwa bukatar sabis. Wanda ba shi da babbar waya a ba shi lambobin ajiya a takarda, ya adana a gida.

Mu kuma iyaye da shugabannin matasa na ikkilisiya, mu tabbata layin da yaro ya yi rajista da shi nasa ne, ba na mai shago ba. Tun 2021 JAMB ta wajabta lambar NIN, don haka wannan layi ba abin ara ba ne. A kuma gargaɗe su: duk wanda ya kira ya ce a karanta masa lambar da ta shigo, ɓarawo ne, ko da ya ce daga makaranta yake.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu. Amin.