Kowace Tambaya Da Ƙofarta

Jama'a, a wannan mako ba zancen taki ko iri zan yi ba. Zancen yadda a ke neman labari a ofisoshin Gwamnati ne, don na ga rashin sanin wannan yana cin dukiyar manoma kamar tsutsa.

Ran nan wani dattijo ya same ni a Garun Malam, ransa a ɓace. Wai ya ji a kasuwar Kwanar Gafan za a saki ruwa ran kaza. Bisa lissafin ranar nan ya yafa irin tumatir, ya ci bashi ya sayi taki. Rana ta zo, babu ruwa, iri ya tsufa a bedi. Na ce, "Baba, wa ya faɗa maka?" Ya ce, "Wani yaro ne ya karanta mana takarda." Da na nemi takardar, ashe sanarwar bara ce.

To, abu na farko ke nan: duk takardar da aka nuna maka, ka sa a duba kwanan wata da sunan ofishin da ya fitar da ita tun ba a karanta abin da ke ciki ba. Akawuna da 'yan makaranta masu karanta wa iyayenmu, wannan nauyi a wuyanku ya ke.

Sa'an nan mutanenmu sun ɗauka Gwamnati gida ɗaya ce mai ƙofa ɗaya. Ba haka ba ne. Ruwan da mu ke sha daga madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita kuwa ta Gwamnatin Tarayya ce. Zancen sakin ruwa, da rufe shi don gyara, da kuɗin ruwa, duk can ne, ko wajen shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ta sashenku. Malaman gona kuwa na KNARDA ne, watau hukumar Jihar Kano. In ka tambayi malamin gona ranar sakin ruwa, shi ma tambayowa zai yi. In cuta ce ta faɗa wa shuka, irin ƙwaron da ya cinye tumatir a 2016, ka nuna wa malamin gona, ga kuma tashar bincike ta Samaru nan Kadawa, kusa da mu. Labarin damina, NiMet ke fitar da shi farkon kowace shekara.

Amma inda na fi ganin laifinmu shi ne wajen yin tambayar. Mutum ya biya kuɗin mota, ya shiga ofis, ya ce, "Na zo jin labarin ruwa." Wane ruwa? Na Kura, ko na Bunkure? Akawu ya ba shi amsa dunƙule, ya fito yana cewa ba a kula shi ba. Ka faɗi sunan sashenku, da abin da za ka shuka, da watan da ka ke nufin shukawa. Mai alkama da ke son shuka daga tsakiyar Nuwamba, tambayarsa dabam da ta mai shinkafa. In ganye ne ya lalace, tsinko shi ka zo da shi.

In an ba ka amsa, ka roƙa a rubuta maka a 'yar takarda, da kwanan wata. Ni dai ban taɓa jin haushin manomin da ya nemi haka gare ni ba. Dattijon nan ya sake yafi, kuma wannan karo ɗansa ya aika wajen shugaban ƙungiyarsu da fensir a aljihu.