Zaren Da Muke Kira Ulu

 

Ya 'yan'uwa, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa sai kwarashi da kibiyoyin saƙa su fito daga ƙasan akwati. Wannan tana saƙa hular jariri, waccan safa, wata rigar sanyin ɗan makaranta, wata kuma mayafin da za a kai barka. Ni ina cikin masu ganin girman wannan aiki. Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA), wadda ta rasu a shekara ta 20 bayan hijira, ta kasance tana jima da ɗinkin fata da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu. Maigidan da ke kiran saƙa ɓata lokaci, alhali da hular da aka saƙa ɗansa ya bi shi masallaci da asuba, ya sake tunani. Kuɗin da ta samu ma nata ne, ba na cefane ba, sai dai in ta bayar don raɗin kanta.

Amma maganata a yau a kan zaren take. Mu dai duk zaren saƙa "ulu" muke ce masa. Ulu na haƙiƙa kuwa, wato sufi a Larabce, gashin tumaki ne, wanda Allah Ya ambata cikin ni'imominsa a Suratun Nahli. Tumakinmu, irin su Uda da Balami da 'Yankasa, ba masu ulu ba ne, gashi ne gajere a jikinsu. Ulun saƙa daga ƙasashe irin su Ostareliya yake fitowa, kuma da tsada. Mafi yawan ƙullin zaren nan mai launi da laushi da muke saye a kasuwa akirilik ne, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya fara samar da shi a 1941. A taƙaice, ɗan'uwan roba ne.

Ba aibata shi nake yi ba. Yana da araha, yana jure wanki, yana bushewa da wuri, kuma ba ya ƙaiƙayi kamar wani ulun. Uwa mai 'ya'ya biyar ba za ta raina wannan ba. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: wuta. Ulu na gaske da wuya yake kamawa, yana ƙauri irin na gashi, sau da yawa ya mutu da kansa idan aka janye shi. Akirilik kuwa ci yake yi yana narkewa, ya manne wa fata. To, a wane lokaci muke sa wa yara waɗannan kaya? A daidai lokacin da ake shigar da kaskon gawayi ɗaka, ake zagaye murhu ana jin ɗumi, yaro mai rarrafe yana kai-komo da hannun riga yana reto. Gwajin ba shi da wuya. A yanki ɗan tsawon yatsa, a riƙe da cokali mai yatsu, a kai masa ashana a tsakar gida: ulu zai bar tokar da ke murmushewa, auduga ta yi ƙaurin takarda, akirilik ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo mai tauri.

Ɗalibaina na ajin matan aure sukan tambaya ko kiransa ulu ya zama algus a ciniki. A fahimtata, sunan kaɗai bai kai nan ba, domin al'ada abar lura ce a wajen malaman fiƙihu, kuma a bakin mutanenmu kalmar ta game kowane zaren saƙa. Amma idan mai saye ta ce, "Yaya, wannan na asali ne?" sai aka ce mata e, aka ƙara kuɗi a kan haka, to an sayar da siffar da babu ita, kuma tana da haƙƙin mayarwa. Ƙissar mai hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, wadda Imamu Muslim ya ruwaito, ta ishe mu.

Ni kuwa na fi son a wuce nan. Wadda ta saƙa wa jaririn maƙwabciya riga, ko kyauta ce ba sayarwa ba, ta gaya wa mai jego irin zaren, ta ce a nisanta shi da kasko. Rigar da za ta taɓa fatar jariri a yi ta da auduga, ta akirilik a ɗora a sama, a kuma tsuke bakin hannun, a bar bazar nan da ake yi wa gefen mayafi. Allah ne mafi sani.