Baiwa Ce Kurum, Ko Kuwa Aiki? Labarin Julie Andrews

Sau da yawa in aka yi zancen mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo, sai ka ji mutane sun ce ai wannan baiwa ce kurum, wanda Allah ya ba shi ya huta. Mu dai a ganinmu maganan nan ba ta cika ba, kuma labarin wata Baturiya, Julie Andrews, ya ishe mu shaida.

An haife ta a ƙasar Ingila cikin 1935. Tun tana ƙanƙanuwa aka ga muryarta ta fi ta sa'o'inta nesa. Amma mijin uwarta bai ce shi ke nan ba, sai aka kai ta wurin wata malamar waƙa, Lilian Stiles-Allen, ta yi shekaru tana koya mata yadda a ke numfashi da yadda a ke fid da kowane harafi sosai. Cikin 1948, tana da shekara 13, ta yi waƙa gaban Sarkin Ingila George na Shida. Ko da ya ke abin alfahari ne, akwai abin tausayi ciki, gama yarinyan nan yawon gidajen wasa ta ke yi lokacin da tsararrakinta ke aji, har da kuɗin waƙarta a ke riƙe gida.

Cikin 1954 ta haye zuwa Amurka. Bayan shekara biyu aka ba ta babban matsayi cikin wasan nan mai waƙa da a ke kira My Fair Lady, watau labarin wata yarinya mai tallan furanni wadda wani shaihin malami ya koya wa Turancin manya. To, malamai, ga inda mu ke so ku lura. Da aka soma gwaji, murya tana nan, amma kwaikwayon ya gagare ta, har aka soma tunanin a sauya ta. Sai mai shirya wasan, Moss Hart, ya sallami kowa, ya zauna da ita kwana biyu cur, suna bin wasan jimla jimla, yana gyara mata ba sassauci. Da ba don haƙurin mutumin nan ba, da watakila ba wanda ya san sunanta yau. Yara nawa ne cikin aji a ke yanke musu ƙauna tun ba a ba su kwana biyun nan ba?

Ta yi wasan nan shekara uku da wani abu, a Niyok da Landan, kusan kowane dare. Duk da haka da za a mai da shi sinima sai aka ba Audrey Hepburn, wai ita Julie ba a san ta ba a majigi. Ba ta yi zuciya ba, ta karɓi Mary Poppins, wanda ya fito cikin 1964, ta kuwa ci kyautar Oscar da shi.

Cikin 1997 aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar waƙa ta tafi, ba ta komo kamar da ba. Baiwar ta ƙare ke nan, amma horon da ta sha bai ƙare ba. Ta ci gaba da fitowa cikin sinima, ta shirya wa waɗansu wasa, ita da 'yarta kuma suka rubuta littattafan yara masu yawa.