Kyautata Zato Ma Sai An Yi Masa Hadda

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata magana a zangonmu da nake ganin ta fi jarrabawar BECE kayar da yara: "Mu 'yan zango ba ma zuwa ko'ina." Yaro ya ji ta a gida, ya ji ta a bakin titi, sai ya daina bita, tunda a ganinsa wahalar banza ce. In ya faɗi kuma a ce, "Ai mun faɗa."

Ni a ganina kyautata zato koyonsa ake yi kamar hadda, kullum kaɗan kaɗan. A shekarar 2005 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Martin Seligman, da abokan aikinsa sun sa mutane su riƙa rubuta abubuwa uku masu kyau da suka same su, da dalilin faruwarsu, kowane dare har mako ɗaya. Bayan wata shida an tarar har yanzu sun fi da farin ciki. Abu uku ai ba wuya: an bar wuta har ka gama aikin gida, ka sha koko da ƙosai da zafinsu, ka biya allonka Malam bai gyara maka ko harafi ɗaya ba.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A darasin sira mun karanta cewa a Hudaibiyya, da Ƙuraishawa suka aiko Suhailu bin Amr, Annabi (SAW) ya yi fatan sauƙi saboda ma'anar sunansa. Bayan haka kuma aka zauna aka yi aikin sulhun, da duk ɗacinsa.

Wani zai ce wannan yaudarar kai ce. Gaskiya ne, wanda ya ci 30 a lissafi, murmushi ba zai mai da shi 80 ba. Amma mai cewa "ban iya ba" rufe littafi yake yi, mai cewa "ban iya ba tukuna" kuwa shi ke tsare malami bayan an tashi.

Iyayenmu, ku yi haƙuri, muna da roƙo. Kalmar "daƙiƙi" tana daɗewa a zuciya fiye da bulala. In muka kawo sakamako, ku fara tambayar darasin da muka ƙara maki a kai, sannan a zo kan wanda muka faɗi, a duba wa zai koya mana shi kafin a koma hutu.