Tsawo Ba Shi Ne Shekaru Ba

Malaman makaranta, ga shawara. A ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama na sha ganin an hana yaro shiga aji ɗaya don hannunsa bai ƙetare kansa ya taɓa kunne ba. Wannan awo ba shi da tushe.

Tun 1952 masanan Amurka, Bayley da Pinneau, suka nuna yadda ake kintatar tsawon da yaro zai kai: a haɗa tsawonsa na yau da hoton ƙashin hannunsa. Gajeren da ƙashinsa bai ƙosa ba, da sauran girma gabansa. Ƙarancin abinci kuma ya kan tauye tsawo.

Saboda haka a dogara ga takardar haihuwa. Kada yunwa ta hana yaro tsawo, mu kuma mu hana shi ilmi.