Yawon Sallah a Kan Ruwa: Mu Koya Kafin Mu Hau



Duk lokacin Sallah ko biki, matasanmu kan haɗa kuɗi su yi hayar jirgin ruwa mai gudu zuwa Tarkwa Bay ko Ilashe. Shaƙatawa ba laifi ba ce. Abin damuwa shi ne akasarinmu a tudu muka tashi, ba mu iya iyo ba, amma sai ka ga yaro ya karɓi tuƙi daga hannun direba don a ɗauke shi bidiyo.

Jirgin ruwa ba shi da birki. Ko an saki mai, sai ya ci gaba da tafiya. Juya shi da ƙarfi yana cikin gudu na iya watso mutum cikin ruwa, ga farfela a baya tana yanka kamar wuƙa. Shi ya sa ake haɗa injin da wata 'yar igiya da direba ke ɗaurawa a jikinsa, da zarar ya faɗi inji ya mutu. In ba a ɗaura ta ba, jirgin kan yi ta kewaye ba matuƙi, har ya bi ta kan wanda ya faɗa. Akwai kuma ƙa'idar hanya: jirage biyu in sun yi gaba da gaba, kowanne dama zai kauce. Wanda bai koya ba, ina zai san wannan?

Mu tuna ranar 10 ga Afrilu, 2024, ranar da muke Ƙaramar Sallah. A ranar ne jarumin finafinan kudu Junior Pope da wasu abokan aikinsa suka rasu a Kogin Neja kusa da Asaba. Bidiyon da ya ɗauka a cikin jirgi kafin hatsarin ya nuna babu rigar kariya a jikinsa.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare, ya ƙare. Gaskiya ne, amma addininmu ya koya mana riƙo da sababi tare da tawakkali. Wani kuma zai ce rigar na ɓata kwalliya. To, babbar riga da dogon hijabi in sun sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe hannu da ƙafa. Rigar kariyar ma sai ta yi daidai da jiki an ɗaure ta tamau. Ta manya ba ta riƙe ƙaramin yaro.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce su gayyato jami'an LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, ko na NIWA ta tarayya, su wayar wa matasa kai kafin Sallah mai zuwa. Mai sha'awar tuƙi ya je ya koya wurin ƙwararru tukuna. Masu shirya yawo kuma su hau a tashar da hukuma ta sani, su ƙi lodin da ya wuce ƙima, su ƙi direban da ya sha wani abu, su dawo kafin magariba, su ajiye lambar gaggawa 112 a waya.

Iyaye, in yaro ya ce za shi bakin teku, ku tambaye shi da wa za shi, a ina za su hau, yaushe za su dawo.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, amin.