Diyyar motocin dizal a Birtaniya: Karanta takardar lauya kafin ka sa hannu

Duk wanda ke zaune a Birtaniya kuma ya taɓa mallakar mota mai amfani da dizal, da wuya a ce bai ci karo da tallar nan ba a Facebook ko a rediyo: turo lambar motarka, wataƙila kana bin kamfanin da ya ƙera ta dubban fam, kuma ba za ka biya lauya ko sisi ba sai an yi nasara. 'Yan uwanmu da ke can, ɗalibai da ma'aikatan jinya da direbobin tasi, su ma tallar ba ta tsallake su ba. Neman wannan diyya haƙƙi ne, amma wanda ya sa hannu bai karanta sharuɗɗa ba yana iya wayar gari da bashin da bai taɓa tsammani ba.

Maganar ta samo asali ne a watan Satumban 2015, lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya saka wa motocinsa na dizal wata manhaja mai gane lokacin da ake gwajin hayaƙi. A ɗakin gwaji mota ta natsu, da ta hau titi kuwa sai ta riƙa fitar da iska mai cutar da huhu har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 ne abin ya shafa a duniya, kimanin miliyan 1.2 daga ciki a Birtaniya.

A watan Mayun 2022 Volkswagen ya yi sulhu da masu ƙara kimanin 91,000 a Ingila da Wales kan fam miliyan 193, ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan ya buɗe ƙofa. A watan Oktoban 2025 Babbar Kotu a Landan ta fara sauraren ƙarar da aka shigar da Mercedes da Ford da Renault da Nissan da Peugeot da Citroën, a wata dambarwa da ta haɗa masu motoci sama da miliyan ɗaya da rabi. Kamfanonin duk sun musanta zargin.

Adalci ne a faɗi alherin tsarin "sai an ci a biya". Ba don shi ba, ina talaka zai samu kuɗin ja da kamfanin da ke da rundunar lauyoyi? Mu a Najeriya shaida ne: da irin wannan tallafi na lauyoyin Landan masunta sama da 15,000 na Bodo a jihar Ribas suka kai Shell kotu, har aka sasanta kan fam miliyan 55 a 2015. Saboda haka ban ce a guje shi ba. Abin da nake cewa shi ne, banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma talla ba ta faɗin komai.

Mu fara da ranar nasara. Idan aka raba fam miliyan 193 ga mutum 91,000, kowa zai tashi da fam 2,100 da 'yan kai, kafin a cire rabon lauyoyi da na masu zuba jarin da suka ɗauki nauyin shari'ar. A yarjejeniyar da lauya ke karɓar kaso daga diyya, dokar Ingila ta ba shi damar ɗaukar har rabin kuɗin a irin wannan ƙara. Tun daga 2013 kuma, ladan nasara na lauya da kuɗin inshorar shari'a galibi daga aljihun mai ƙara suke fita. Wanda ke son ganin inda hakan ke kaiwa ya dubi masu kula da rassan gidan waya 555 da suka yi nasara a 2019: an sasanta kan kusan fam miliyan 58, amma abin da ya isa hannunsu bai wuce miliyan 12 ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ranar faɗuwa ta fi muni. A Ingila, wanda ya sha kaye shi ke biyan kuɗin shari'ar abokin hamayyarsa. Alƙawarin da lauyanka ya yi maka ya tsaya ne a kan nasa ladan, bai ɗaure lauyoyin kamfanin mota ba. Abin da ke tsakaninka da wannan bashi shi ne inshorar da ake yanka saboda shari'ar. Idan ba ta kai ba, ko kamfanin inshora ya ƙi biya, kanka za a dawo. An ga haka a Janairun 2024 da kamfanin lauyoyi na SSB da ke Sheffield ya durƙushe. Mutanen da ya wakilta a ƙararrakin gyaran bangon gidaje, waɗanda aka yi wa wannan alƙawari na ba biya sai an ci, suka riƙa samun takardun bashin dubban fam. Ba shari'ar mota ba ce, amma yarjejeniyar iri ɗaya ce. Kuma kuɗin da ke yawo a shari'ar dizal ba na wasa ba ne: a 2024 sai da alƙalai suka zaftare fiye da rabin abin da lauyoyin masu ƙara suka ce za su kashe a wani sashe nata.

Akwai kuma tarkon fita. Irin waɗannan shari'u kan ɗauki shekaru. Mutum ya gaji, ko ya koma gida ya daina amsa saƙo, ko ya yi rajista da kamfanonin lauyoyi biyu bisa rashin sani, sai a ce ya saɓa yarjejeniya, a nemi ya biya aikin da aka riga aka yi. Ga baƙon da zamansa a ƙasar ke rataye da biza, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

To, mene ne abin yi? Ka nemi a rubuta maka kaso nawa za a cire, har da haraji da inshora. Ka tambayi wa zai biya idan aka faɗi, kuma ka ga takardar inshorar da idonka. Ka san abin da za ka biya idan ka janye. Wanda ya sa hannu ta intanet yana da kwana 14 na soke yarjejeniya. Ka duba sunan kamfanin a rajistar hukumar SRA mai sa ido kan lauyoyi, domin da yawa daga masu tallar dillalai ne kawai da ke sayar da sunayen mutane ga lauyoyi.

Hukumomin Birtaniya su ma da nasu aikin. Bai kamata a bar kalmomin nan su ci gaba da yawo a talla da manyan haruffa ba, alhali haɗarin yana ɓoye can cikin shafukan da ba kowa ke karantawa ba. Kamfanin da ya yaudari jama'a da hayaƙi dole ya biya, amma kada mai neman haƙƙinsa ya sake faɗawa wata yaudarar a hannun wanda ya ce zai ƙwato masa.